Samanja Mazan Fama: Ɗan sarautar Pategi da ya mai da Hausar bariki abin so

Da labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya bazu daga Kaduna ranar 12 ga Nuwamban 2023, mutane da yawa sai da aka ce musu "Samanja ne" kafin su gane wanda aka yi rashi. Sunan wasa ya riga ya shafe na yanka tun shekaru aru-aru. Ya rasu yana da shekara 81.

An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke gaɓar kogin Kwara a Jihar Kwara ta yau, a cikin gidan sarauta. Hausa ba ita ya tsotsa a nono ba. Ya zo Kaduna ya kama aiki a gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, kana ya shiga soja a zamanin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. Da ya ajiye bindiga ya koma aikin watsa shirye-shirye, sai ya taho da guzurin da ya ci har ƙarshen rayuwarsa: tafiyar soja, tsawar soja da kuma bakin soja.

Wannan baki shi ne Barikanci, wato Hausar da sojoji daga ƙabilu daban-daban suka riƙa fahimtar juna da ita tun zamanin Turawa, ba ruwanta da bambanta namiji da mace, tana kuma gauraye da gurɓataccen Turanci. Sunan Samanja kansa muƙamin soja ne na Turanci da harshen Bahaushe ya lanƙwasa. Pategi ya ɗauki wannan Hausa da 'yan birni ke yi wa dariya, ya ɗora ta a bakin wani babban kurtu mai zafin rai da son a bi doka, wanda duk da kaushinsa matsalolin gida da na bariki kan sha kansa kamar kowa.

Fasahar tana da tushe. Tun kafin rediyo ya zo, ƙasar Hausa tana da 'yan kama masu kwaikwayon malamai a kasuwa, da 'yan gambara, da yara masu tashe cikin watan azumi, waɗanda kan yi shigar tsoho ko baƙo ko mai mulki don a yi dariya a kuma ɗauki darasi. Dukkansu dabararsu ɗaya ce: a kama hali guda, a fito da shi sarai har mai kallo ya ce ya san mutumin. Pategi da abokan aikinsa irin su Yusuf Ladan da Ƙasimu Yero sun ɗauko wannan dabara daga dandali, suka shigar da ita rediyo, sannan suka kai ta talabijin, musamman bayan kafa NTA a 1977.

Sai an tuna da zamanin kafin a gane nauyin aikin. Sojoji sun mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1979, suka sake dawowa daga 1983 zuwa 1999. A shekarun da farar hula kan sauya hanya in ya hango kaki, ga wani soja yana shigowa tsakar gidan mutane ta akwatin talabijin, ana ƙyalƙyala masa dariya ba tare da fargaba ba. Shirin bai zubar da mutuncin soja ba, bai kuma mai da shi dodo ba. Ya nuna shi a matsayin magidanci mai albashi da iyali da maƙwabta. Waɗanda Hausa ba harshensu ba ne kuwa, daga barikin Kaduna har zuwa na Legas, sun ji muryarsu a bakinsa.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar bidiyon Hausa, ta tarar da masu kallo a shirye, domin su Samanja sun riga sun share fage. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma ya taɓa sa kaki a aikin gidan yari, ya bi wannan sawu: hali guda, suna guda, labarai barkatai.

Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Pategi a 2023. Tambayar da ta rage ta Abuja ce, inda hedikwatar NTA take, inda kuma aka kafa ma'aikatar fasaha da al'adu ta musamman a 2023. Shirye-shiryen wancan zamani a kan faifan maganaɗisu aka naɗe su, shi kuwa irin wannan faifai zafi da laima da ƙura suna cinye shi sannu a hankali. Matashin da ya nemi Samanja a intanet yau, gutsattsari masu dishi-dishi zai fi cin karo da su.

Ceto mai yiwuwa ne, an ma taɓa gani. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano faya-fayansa a 2016, aka gyara shi da haɗin gwiwar Jamusawa, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Tun Janairun 2024 kuwa, Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya, mai kula da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos, kuma shi ɗan masana'antar da ta ci gadon su Samanja ne.

Ta'aziyya ta wuce, yabo ma an yi. Abin da ya saura shi ne a shiga rumbunan Kaduna, a ƙidaya faya-fayan da suka tsira, a kwafe su zuwa kwamfuta tun suna iya magana.