Cutar Kawasaki: Zazzaɓin Yara Mai Kama Da Ƙyanda

Cutar Kawasaki cuta ce da ke kumbura jijiyoyin jini a jikin yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ta fi kama maza. An sa mata sunan Dakta Tomisaku Kawasaki, likitan yara a ƙasar Japan, wanda ya bayyana ta a shekarar 1967 bayan ya duba yara 50. Masana ba su gano musabbabinta ba tukuna, amma ba a ɗaukarta daga wani yaro.

Babbar alamarta ita ce zazzaɓi mai zafi na kwana 5 ko fiye, wanda maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya saukar da shi. Idanun yaro sukan yi ja ba tare da kwantsa ba, leɓɓansa su tsattsage, harshe ya yi jawur. Hannuwa da ƙafafu su kumbura, ƙuraje su feso, kaluluwa ta fito a gefe ɗaya na wuya. Bayan mako 2 zuwa 3, fatar yatsu takan saɓe.

A nan ne ake yawan kuskure, domin duk wanda ya ga zazzaɓi da ƙuraje da jan ido, ƙyanda zai ce. Sai dai ƙyanda tana zuwa da tari da mura, Kawasaki kuwa ba kasafai ba. Haɗarin shi ne zazzaɓin yakan sauka da kansa, iyaye su ɗauka an warke, alhali ɓarna na ci gaba a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Cikin yara 4 da ba a yi wa magani ba, kusan 1 yakan sami kumburin waɗannan jijiyoyi.

Maganinta a babban asibiti yake. Ana ba yaro sinadarin garkuwar jiki ta hanyar ƙarin ruwa, tare da asfirin, a kuma ɗauki hoton zuciyarsa. In an yi haka cikin kwana 10 na farko, haɗarin yana raguwa ƙwarai. Kada iyaye su sayi asfirin a kemis su ba yaro da kansu, yana iya illata hanta da ƙwaƙwalwa.

Ana kira ga dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ɗakunan shan magani da su tura irin wannan yaro gaba ba tare da jinkiri ba. Wanda aka ba sinadarin kuma, akan ɗaga masa allurar rigakafin ƙyanda har wata 11, don haka a sanar da mai yin allurar.