Sha'awar Karatu da Samuwar Littattafai a Ilmin Yara

Sau da yawa akan ga yara biyu sun shiga makaranta rana ɗaya, malami ɗaya ya koya musu baƙi da wasali, amma kafin su kai aji huɗu ɗaya yana karatu ba gargada, ɗayan kuwa har yanzu yana harhaɗa baƙaƙe da ƙyar. Akan ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa, alhali kuwa galibi bambancin yana cikin yawan abin da kowannensu ya karanta bayan an tashi daga makaranta.

A shekarar 1986 wani masani mai suna Keith Stanovich ya bayyana yadda wannan tazara take faɗaɗa. Yaron da ya fara gane baƙaƙe da wuri yakan ji daɗin karatu, jin daɗin ya sa ya ƙara, ƙarin kuma ya ba shi sababbin kalmomi, waɗanda za su sauƙaƙa masa littafi na gaba. Wanda ya sha wuya tun farko kuwa sai ya guji littafi, gudun ya ƙara masa rauni. Wani bincike da Anderson da Wilson da Fielding suka buga a Amurka a 1988 ya gwada wannan da lissafi. Cikin 'yan aji biyar da suka bincika, masu ƙwazon karatu sukan yi kimanin minti 21 kullum da littafi a gida, watau kalmomi wajen miliyan 1.8 a shekara, na can baya kuwa kalmomi 8,000 kacal.

Amma sha'awa ba ta tsira a inda babu abin karantawa. Ƙasar Hausa ta taɓa fuskantar wannan matsala. Makarantun boko na farko sun yaye masu iya karatu, sai dai ba su da littattafan da za su karanta don nishaɗi. Saboda haka ne Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Daga baya Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fito, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sa'ad da aka soma ilmin firamare kyauta a Nijeriya a 1976, ajujuwa suka cika maƙil, amma littattafai ba su kai yawan yara ba.

Abin lura a nan shi ne, gina aji da ɗaukar malami rabin aikin ne. Sauran rabin kuwa shi ne a sa wa yaro littafi mai daɗi a hannu, cikin harshen da yake ji, a bar shi ya tafi da shi gida, a kuma ware masa lokaci kullum ya karanta abin da ransa ya zaɓa. Jami'in da ya tsara kasafin ilmi bai sa kuɗin wannan ba, ya bar rabin aikin a ƙasa.