Shirin Musamman: Makonni Goma a Bakin Tarkon Ɓera

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau za mu leƙa Amurka ne, mu duba wata al'ada da ta daɗe a jami'o'insu da gidajen adana samfuran dabbobi. Mai hali zai ware kuɗi, a ɗauki ɗalibi a dogon hutun da ake yi daga Yuni zuwa Agusta, a haɗa shi da masani domin ya san makamar binciken dabbobi masu shayarwa. Galibi makonni goma ne ko ƙasa da haka. Ana ba shi alawus, wani lokacin har da wurin kwana da kuɗin mota.

Na san wani zai ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta ɓera? Ku biyo ni mu ga aikin tukuna.

Da la'asar ɗalibi zai saɓi buhun tarkuna ya shiga daji. Tarkon ɗan akwati ne na alminiyum, bai kai tsawon takalmi ba, yana kama dabba da ranta. Zai sa ɗan hatsi da aka cuɗa da tunkuza a ciki, ya jera su a gindin duwatsu da bakin ramuka. Da asuba dole ya dawo, domin idan rana ta ɗaga akwatin zai yi zafi, abin da ke ciki ya mutu. Sai ya juye dabbar cikin jaka, ya rataya a ɗan sikeli, ya auna tsawon jiki, da wutsiya, da ƙafar baya, da kunne. Ya rubuta rana da wuri da irin ciyawar da ke wurin, da tawadar da ruwa ba ya wanke ta. Malaminsa na tsaye a kansa, idan ya kira sunan dabbar ba daidai ba ya ce masa ya sake duba haƙori, ya sake duba tafin ƙafa. Wannan ilimi a hannu yake zama, allon aji ba ya bayar da shi.

[Gajeren kiɗa]

To, ina amfanin wannan wahala? Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah mai suna Annie Alexander. Mahaifinta ya yi arziki da noman rake a tsibiran Hawai. A 1908 ta sa dukiyarta aka kafa gidan adana samfuran dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta zaɓi wani matashin masani, Joseph Grinnell, ya shugabance shi. Ita ke biyan albashi, ita ke ɗaukar nauyin fita daji, kuma ita ma da kanta tana ɗana tarko. Ba ta janye hannu ba har ta rasu a 1950.

Tsakanin 1914 da 1920, Grinnell da mutanensa suka bi duwatsun Yosemite tun daga gindi har ƙololuwa, suna rubuta wace dabba ce ke zaune a wane tsayi. A lokacin ba a cika maganar sauyin yanayi ba. Grinnell kansa ya faɗa tun a 1910 cewa sai bayan shekaru masu yawa, watakila ɗari, za a ga ainihin darajar aikin.

Haka kuwa aka yi. A farkon wannan ƙarni malamai da ɗalibai suka ɗauko waɗancan tsofaffin littattafai, suka koma wuraren da aka ɗana tarko a da, suka sake ɗanawa. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2008. Cikin nau'o'i 28 na ƙananan dabbobi da aka duba, kusan rabi sun ƙaura sama da kimanin mita 500, yayin da sanyin dare ya ragu da wajen digiri 3. Wani ɗan kuregen kan dutse ya janye daga ƙasa, mazauninsa ya tsuke. Da ba a biya wasu matasa sun tashi da asuba shekaru casa'in kafin nan ba, da babu abin da za a gwada da shi.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin ɗaukar ɗalibai a hutu shi ne alawus ɗin. Ga ɗan talaka a Amurka, hutu lokacin neman kuɗin makaranta ne, yana wanke kwanuka a gidan abinci ko yana jiran shago. Idan aka ce a zo a koyi bincike kyauta, 'ya'yan masu shi kaɗai za su zo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin mai bayarwa shi ke ba yaro mai basira damar ajiye wancan aiki ya shiga daji. Ba kowa ne zai zama farfesa ba, wani ma a nan zai gane hanyarsa daban ce, kuma gara ya gane da wuri.

[Gajeren kiɗa]

Masu saurare, maganar ba ta yi mana nisa ba. A 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Sai da aka ɗana tarkuna a Saliyo lokacin ɓarkewar 1972 kafin a tabbatar cewa wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. A 2016 kuma masu bincike, ciki har da 'yan Najeriya, suka same ta a jikin wasu nau'o'in ɓeraye biyu. Duk rani cutar tana dawo mana, tana kashe marasa lafiya har da likitocin da ke duba su. Mutum nawa muke da su da za su riƙe ɓera a hannu su faɗi nau'insa ba tare da shakka ba?

Ɗalibanmu na kimiyyar halittu suna fita horon sanin makamar aiki, amma da yawansu a ofis suke ƙarewa, ana aikensu sayen kati. Ga dajin Yankari, ga Gashaka Gumti, ga rumbunan ƙauyukanmu da ɓeraye ke shiga suna fita.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku je sashen nazarin dabbobi na jami'ar da ke kusa da ku. Ku nemi malamin da ke fita daji, ku ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya na wata uku: abincinsa, kuɗin motarsa, tarkuna da safar hannu. Ku nemi a kawo muku rahoton abin da ya yi, baɗi kuma ku sake ɗaukar wani.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]