Gasar tamaula ta ƙasa: yaushe kofi zai sake barin Yamai?

Dattawan Maraɗi masu son tamaula ba su manta da 1983 ba, shekarar da Jangorzo ta zama zakarar ƙasar Nijar. Da shekara ta kewayo, a 1984, sai Espoir ta Damagaram ta karɓe kofin daga hannunta. Sau biyu ke nan a jere kofin shampiyona ya kwana nesa da babban birni. Daga 1985 zuwa 2024, shekaru 40 cur, bai sake bin hanyar Dosso ya yo gabas ba. Yaron da aka haifa lokacin wancan biki ya fara furfura, bai taɓa ganin ƴan garinsu sun ɗaga kofin ba.

Daga unguwanni aka faro

An soma gasar a 1966, shekaru 6 bayan samun ƴancin kai. A lokacin ƙungiyoyin Yamai suna ɗauke da lambobin sassan birnin. Secteur 6 ita ce ta buɗe fage, ta riƙe kofi shekaru 5 a jere, daga 1966 zuwa 1970, kafin daga bisani ta canza suna ta koma Olympic. Maƙwabciyarta Secteur 7 ta ɗauki kofi a 1973, ita ce kuma ta zama Sahel. Hamayyar waɗannan biyu ita ta raya gasar shekara da shekaru, kowace ta ci kofi fiye da sau 10. Olympic ta haskaka daga 1976 zuwa 1978, Sahel kuwa ta yi nata zamanin daga 1990 zuwa 1992.

A tsakaninsu wasu sun samu shiga. AS Niamey ta ci sau 3 a jere daga 1980 zuwa 1982, Zumunta ta ci a 1985 da 1988 da 1993, sannan JS Ténéré ta ci a 2000 da 2001. Waɗannan ƙungiyoyi da jama'a suka dogara: ɗan kasuwa ya saye riguna, ma'aikaci ya zuba kuɗin mota, matasan unguwa su cika fili da kiɗa. A 1989 aka buɗe babban filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda ƙasar Sin ta gina, mai ɗaukar mutum 35.000, sai Yamai ta ƙara yi wa sauran garuruwa nisa.

Zamanin masu kaki

Sojoji sun daɗe a cikin gasar, don kuwa ASFAN ta ci kofi tun 1971, ta maimaita a 1975. Amma daga 2005 ne masu kaki suka mamaye fagen. Ƙungiyar gardi, wadda ake kira AS FNIS kafin ta koma AS GNN, ta ci a 2005 da 2006 da 2011 da 2014, ta sake ci a 2023 da 2024. Ƴan sanda sun ci a 2008, sojoji a 2010 da 2016, ma'aikatan duwan a 2013 da 2015, jandarmomi a 2021. Kamfanonin gwamnati su ma sun shigo: SONIDEP ta man fetur a 2018 da 2019, NIGELEC ta wutar lantarki a 2022. A cikin waɗannan shekaru 20, sau 3 kaɗai ƙungiyar unguwa ta ɗaga kofi: Sahel a 2007 da 2009, Olympic a 2012.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da ke da ma'aikata a bayanta tana da kasafin kuɗi, da mota, da wurin atisaye, tana kuma iya yi wa ɗan wasa alkawarin abin yi bayan ya rataye takalmi. A ƙasar da tamaula kaɗai ba ta cika riƙe gida ba, wannan alkawari ya fi tafin ƴan kallo nauyi. Shi ya sa yaron da ya yi fice a filin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ba ya daɗewa sai a gan shi sanye da rigar wata ƙungiyar Yamai. Jihohi suna shuka, babban birni yana girbi.

Nisa da aljihu

Akwai kuma wahalar hanya. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 600 ce, daga Damagaram kusan 900, daga Arlit kuwa ta haura 1.000. Ƙungiyar Yamai tana buga yawancin wasanninta a gida, domin abokan karawarta duk maƙwabta ne. Ita kuwa Jangorzo, ko Espoir, ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ko Urana da Akokana na Arlit, sai ta biya mota da masauki da abinci kafin a busa usur, ƴan wasanta su shiga fili da gajiyar tafiya a jiki. Wanda ya san kasuwanci ya san cewa kuɗin sufuri kan cinye riba tun kaya ba su isa kasuwa ba.

Abin da gasar ta haifa

Duk da haka, ƙungiyoyin masu kaki sun fitar da ƙasa kunya. A 2010 ASFAN ta kai matakin rukuni a gasar kofin ƙalubale ta Afirka, jandarmomi su ma suka kai a kakar 2021 zuwa 2022. Daga ASFAN ne Moussa Maazou ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shi ne kuma ya zuba wa Masar ƙwallo a Yamai a watan Oktoba na 2010. Nasarar nan ta share wa Mena hanyar zuwa gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, ƙarƙashin mai horaswa Harouna Doula. Mena ta sake zuwa a 2013.

Sai dai gasar da ake kira ta ƙasa, amma zakarunta duk daga birni ɗaya, ba ta cika sunanta ba. Maraɗi ita ce cibiyar kasuwancin Nijar, alhazanta sun shahara har ƙetare, Damagaram kuwa ita ce babban birnin ƙasar har zuwa 1926. Ba rashin dukiya ko rashin matasa ne ya hana kofi dawowa ba. Abin da aka rasa shi ne tsari: asusun da ba ya rufewa idan mai taimako ɗaya ya gaji, kwantaragin da zai sa ƙungiya ta samu rabonta idan an ɗauke mata ɗan wasa, da kalandar da hukumar FENIFOOT za ta tsara da la'akari da masu doguwar tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jangorzo da Espoir sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Saura ƴan kasuwa da magadan gari da ma'aikatan jihohi su zauna su yi lissafin abin da riƙe ƙungiya ke ci a shekara, su raba nauyin a tsakaninsu.