Kafin katkat ta shiga Tenere: wayar Thuraya, batir na biyu da mai jira a gida

Duk ɗan kasuwar da ke kai gero, albasa ko atamfa arewa, ya sauko da dabino, gishiri da kanwar Kawar, ya san cewa daga Agadas zuwa Dirku tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma mafi yawanta rairayi ne. Da mota ta yi nisa da gari, rezo ya ɗauke, salular da ke aljihu ta zama agogo da fitila kawai. Amma in an zo ciniki a tasha, maganar da ake yi ita ce kuɗin buhu da kuɗin fasaje. Da wuya ka ji mai kaya ya tambayi direba: in motar nan ta tsaya, da me za ka kira, kuma wa za ka kira?

Mutanen jihar Damagaram ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba. Motoci biyu sun tashi daga Arlit za su Tamanrasset, suka lalace a hanya. Aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma da yawansu daga yankin Kance suka fito. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana 3. A ƙarshen watan Mayu na 2017 kuma mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Lalacewar mota abu ne na yau da kullum. Abin da ya mayar da ita makoki shi ne labari bai kai ga masu ceto da wuri ba.

Motar da aka fi yarda da ita a wannan hanya Toyota ce, Hilux ko Land Cruiser. Masu garaji suna yabon Land Cruiser mai injin gazuwal 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a 1990, mai silinda 6 da lita 4,2, domin ba shi da kwamfuta a ciki, bakanike da sifana da basira yana iya tayar da shi a daji. Sai dai yadda mota ta fito daga kamfani ba ta isa Tenere ba. Ana ƙara mata ganyen sifirin saboda nauyi, a ƙara tanki ko a ɗaure tano na mai, a ɗauki taya biyu na ajiya, da famfo, da felu, da farantan ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya in ta kafe. A cikin rairayi ana rage iskar taya kusan rabi don ta yi faɗi ta hau bisa yashi, in an fito kan duwatsu a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta tsage.

Wannan duka direbobi sun san shi. Inda ake sakaci shi ne kayan sadarwa.

Wayar Thuraya, ta wani kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya fara aiki a 2001, ba ta neman eriyar gari. Kai tsaye take magana da tauraron ɗan adam, lambarta kuma da 88216 take farawa. Tauraron da ke kula da yankinmu yana wajen gabas, don haka sai an fito fili, an zaro eriya, an juya ta can, an ɗan jira ta kama. A cikin mota da rufin ƙarfe ba ta kamawa sosai, sai in an kafa mata eriya bisa rufi aka jawo waya zuwa mazauninta kusa da direba. Babban amfaninta, wanda mutane da dama ba su koya ba, shi ne tana iya karanta daidai wurin da take a doron ƙasa, ta aika da lambobin wurin ta gajeren saƙo zuwa salular gida. Saƙo ɗaya ya fi kiran minti 10 da mutum ke cewa "muna bayan wani tudu, mun wuce rijiya". Tudu nawa ne a Tenere?

Kada a haɗa ta da GPS. Shi GPS na Amurka ne, kyauta ne, ba ya buƙatar rezo, amma karɓa kawai yake yi: yana faɗa maka inda kake, ba ya faɗa wa kowa. Rediyon oba-oba kuma na tsakanin motocin ayari ne, ƴan kilomitoci yake kaiwa, tudu ma yana iya tare shi. Yana da daɗi wajen cewa ta baya ta kafe, ku dakata, amma ba zai kai Agadas ba. Wanda zai sa babban rediyo a mota ya nemi izinin hukumar ARCEP tukuna, kuma ya riƙe takardun sayen kowace na'ura, ya nuna su a shingen jami'an tsaro kafin a tambaye shi. Tun 2025 Starlink ma yana aiki a Nijar bisa izini, sai dai farantinsa yana cin wuta fiye da waya nesa ba kusa ba.

Wutar ita ce gindin maganar. Duk waɗannan na'urori daga batirin mota suke sha, kuma ranar da inji ya mutu ita ce ranar da ake buƙatarsu. Shi ya sa mai hankali ke sa batir na biyu, da ƴar na'urar da ke raba su: inji na tafiya duka biyun su cika, inji ya tsaya su rabu, na tayar da mota ya zauna da wutarsa. A sa fiyus kusa da batir, a ɗaure wayoyi da kyau, don girgizar hanya tana goge fatar waya, ga kuma tano na mai a baya. Ƙaramin farantin hasken rana ba shi da tsada in aka auna shi da kuɗin lodi guda. Kuma a duba kuɗin da ke cikin wayar da wa'adin katinta tun a gari. Thuraya da ba kiredi, dutse ne.

Sai shirin tafiya. Mai a rairayi yana ƙonewa fiye da kan kwalta, don haka lissafin Maraɗi zuwa Yamai ba ya aiki a can. Ruwa a ƙirga shi kan kowane rai, a ninka kwanakin da ake zato, a raba shi cikin jarkoki da yawa don in ɗaya ta huje kada duka ya tafi, na lagireto kuma daban. Mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai. Ayarin da soja ke rakiya daga Agadas yana da jinkiri, amma yana bin hanyar da aka sani, mai rijiyoyi kamar Achegour. Bayan dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, direbobi da yawa sun riƙa kauce wa wannan hanya don gudun kamu, nan ne kuma ɓata ya yi yawa. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. GPS ba ya maye gurbin ɗan jagora, domin na'ura layi miƙaƙƙe take nunawa, shi kuwa ya san inda yashi ke haɗiye mota.

Hajiyar da ta zuba jarinta a lodi, ko uwar da ɗanta ke karen mota, tana da nata aikin ko ba ta taɓa ganin Tenere ba. Ta karɓi lambar Thuraya ta direba da lambar motar, ta sa a gwada kira a gabanta. A yanke lokaci: saƙon wuri kowace safiya da kowace magariba. A yanke kuma cewa in saƙo biyu suka wuce shiru, ba za a jira na uku ba, za a kai lambobin wuri na ƙarshe ga jandarma da shugabannin tasha a Agadas. Ga waɗanda ke cikin motar kuwa, a gaya musu tun kafin tashi: in ta mutu, a zauna a inuwarta, a rage motsi da rana, kada kowa ya kama hanya da ƙafa. Masu nema daga nesa suna hango mota, mutum ɗaya a cikin yashi ba sa ganinsa.