Kwamfutarka ta ce ta cika? Kada ka yi saurin fomatin

Yau maganar kwamfutar gida za mu yi.

Gab da faɗuwar damina, ina zaune a gidanmu a Kafur ina shigar da sunayen manoman masara da waken suya na ƙungiyarmu, saura kwana biyu a miƙa takardun neman taki. Na danna ajiyewa, kwamfuta ta ƙi. Layin nan na rumbun C ya koma ja wur, wai babu wuri. Na ɗauke ta sai Malumfashi wajen wani mai gyara. Ko dubawa bai gama yi ba ya ce: "Malam, fomatin kawai za a yi mata." Fomatin fa shi ne a share komai, har da aikina na wata biyu. Na ce a'a, na dawo gida. Ai manomi ba ya ƙona rumbu don ya cika, leƙawa yake yi ya ga abin da ke ciki.

Ga abin da na koya.

Na farko, wani wurin ba ɓata ya yi ba, dama can babu shi. Kamfanoni da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. Shi ya sa rumbun da aka rubuta wa 500GB yake nuna kusan 465GB. Ba cutarka aka yi ba, ba kuma bairos ba ne.

Na biyu, ka auna kafin ka goge. A Windows 10 ko 11, shiga Settings, sai System, sai Storage, za ka ga abin da ya fi cin wuri. In kana son gani dalla-dalla, akwai manhajar WinDirStat, kyauta ce, tana jera foldoji daga mafi nauyi zuwa ƙasa. A nan asiri ya tonu. Ashe ƙanina ya buɗe wata folda ya sa mata suna "Karatu", ciki kuwa finafinan Indiya na fassara ne fal, sun haura 80GB! Bidiyon bikin yayarmu kuma sau uku aka kwafe shi, a wurare daban-daban.

Na uku, Recycle Bin. Yawancin abin da ka goge can yake komawa, kuma yana nan yana cin wurinsa. Kamar ka share ɗaki ne ka tara sharar a bayan ƙofa. Ka duba, in babu abin da kake buƙata, ka zubar.

Na huɗu, ka rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, ka danna Clean up system files. Zai kwashe fayilolin wucin gadi da ragowar sabuntawar Windows. In ka ga Previous Windows installations, tsohuwar Windows ce da ake ajiyewa a foldar Windows.old bayan an ɗora sabuwa, tana iya haura 10GB. Amma ka sani, in ka goge ta babu komawa tsohuwar.

To, ga gargaɗi. Kada ka shiga foldar Windows ko Program Files kana goge abin da ba ka san shi ba, don kawai ka gan shi da nauyi. Manhajar da ba ka amfani da ita, ka cire ta daga Apps a cikin Settings. Foldar Downloads kuwa ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, a nan da yawanmu muke barin takardun makaranta. Kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman abubuwanka a filash ko Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta.

A daren nan na samu sama da 100GB, ko sisi ban kashe ba, takardunmu kuma suka shiga a kan lokaci. Ƙanina dai har yanzu yana ɗan fushi da ni.

In akwai wanda aka ce wa sai fomatin, ka tura masa wannan kafin ya amince.