Likitan Dawaki a Filin Hawa: Gyaran da Ya Rage wa Zazzau

Masu iya magana kan ce sai an san darajar abu ake yi masa sunaye da yawa. A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina mamakin yawan kalmomin da Bahaushe ya tanadar wa doki: akawal da kili da danda da hurde a wajen launi, ingarma da goɗiya da duƙushi a wajen jinsi da shekaru, ga kuma sarautar Shamaki mai kula da barga. To amma wane ne ke da ikon cewa doki ya gaji, a sauka daga kansa?

A ƙasashen da ake tseren dawaki na dogon zango an riga an amsa wannan tambaya. Gasar Tevis da aka fara a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955 tafiyar mil 100 ce cikin sa'o'i 24. A gasannin da hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ke kula da su, ana raba tafiyar zango zango. A kowane zango likitoci za su saurari zuciyar doki, wadda dole bugunta ya sauko zuwa 64 a minti, su ja fatarsa don gane ko ruwa ya ƙare a jikinsa, su saurari motsin hanjinsa, sannan a sa shi sassarfa a ga ko yana ɗingishi. Wanda ya gaza, an cire shi ke nan, ko da shi ya fara isowa, kuma ko ɗan wane ne a kansa.

Mai karatu zai ce hawan salla ba tsere ba ne. Gaskiya ne, amma dokin da ya yi Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe a jere, a kan kwalta, ɗauke da sirdi da jalala da mahayi mai alkyabba, shi ma dogon zango ya yi. Ga shi a 2025 Ƙaramar Salla ta faɗo ƙarshen Maris, tsakiyar bazara. Doki na zubar da ruwa da gishirin jikinsa ta gumi, kuma daga nan ne ciwon ciki mai kisa kan taso.

Zariya ba ta da uzurin rashin masana. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na koyarwa suna nan Samaru, tafiyar mintuna ce a mota ta PZ zuwa cikin birni. Shawarata ita ce masarauta da jami'a su haɗa kai: a duba dawaki kafin hawa, a kafa rumfunan ruwa da inuwa a hanya, a sa ɗaliban shekarar ƙarshe su taimaka, kuma maganar likita ta zama ita ce yankan hukunci.

A 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya, don haka baƙi za su ƙara zuba ido kan yadda muke riƙon dabbar da ta ɗauki wannan al'ada a bayanta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa.